Koramar da Ta Tsare Mu a Hanyar Gidan Inna

Mun tashi da asuba daga Wad Haddad, ni da yayana da kawunmu, saboda saƙo ya zo cewa jikin Inna, ƙanwar mahaifiyarmu, ya yi tsanani. Tsakiyar damina ce. Lori ta kai mu Abu Hujar da ƙyar, turin da muka yi mata ya fi zaman da muka yi a cikinta. Can muka kwana, washegari muka kama hanya a ƙafa, don mota ba ta shiga ƙauyensu sai rani.

Wanda bai taka baƙar lakar nan ba bai san gajiya ba. Duk taku sai ta kama takalmi, har muka haƙura muka rataya su a wuya.

Da hantsi muka iso koramar da Larabawa ke kira kor. Da rani jakuna ke birgima a cikinta, ranar kuwa ta cika ta batse, ruwan ja wur, yana tafe da itatuwa da mushen akuya. Yayana ya fara naɗe wando. Kawu ya riƙo hannunsa.

"Ɗana, zamna. Ruwan da ka jan icce, kai mi kake gare shi?"

"Kawu, Inna fa!"

"Na sani. Ƙanwata ta."

Ya kafa kara a bakin ruwan, muka zauna muna kallonsa, ƙudaje suna cinmu. Wasu mata masu komawa gona suka ba mu kisira, wato siririyar wainar dawa, da miyar kuɓewa. Yayana ko taɓawa bai yi ba.

Sai bayan azahar ruwan ya janye daga jikin karan. Muka bi gaɓa har inda koramar ta yi faɗi, muka ɗora kaya a kai ba ɗauri, kowa da sanda. Muka fuskanci inda ruwan ke fitowa, muna jan ƙafa a kaikaice. A tsakiya ya kai mini ƙugu, ƙasa tana zarewa a ƙarƙashina. Nan Kawu ya zame. Yayana ya saki ƙunshin sukari da shayin da muka sayo wa Inna, ya cafko shi. Ƙunshin ya wuce, mu muka fita.

Mun isa bayan la'asar, muka tarar da maza zaune a kan tabarmi. An kai Inna makwancinta tun azahar. Yayana ya ce da mun shiga da safe, da mun same ta. Mijinta ya dube shi, ya ce, "Da kun shiga, da yanzu ku muke nema cikin ruwa."

Mun dawo gida ƙafafu a kumbure. Na koyi cewa ruwa ba ya sauraron uzurin kowa, sai dai a jira shi.