Fiyanon da Kawu Ya Cike wa Giɓi

Yanzu nakan manta inda na ajiye tabarau alhali yana kan hancina, amma har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na kusa kayar da mu huɗu a gwajin kiɗa ba. A shekarun saba'in ne, naira tana sabuwa a hannun mutane, ina aji uku a wata kwalejin horon malamai ta mata a nan Kaduna.

A shekarar aka sa mana darasin kiɗa, wai malamar firamare ya kamata ta iya jan waƙa ga yara. Mai koyar da mu wata dattijuwa ce mutuniyar Jos, ga tsanani ga barkwanci, in ta buɗe baki ba ki san wanda zai fito ba. Mun kusa talatin a aji, fiyano kuwa guda ɗaya tal, a kulle, makullin a jakarta. In kin yi sa'a ki taɓa shi minti biyu a mako. Don haka ta sa kowacce ta zana nata a jikin kwali: farare a jere, baƙaƙe a samansu, biyu sai fili, uku sai fili. Mu haƙora muke kiran su. Kullum maganarta ɗaya ce: "Ku nemi baƙaƙe biyun nan, farin da ke hagunsu shi ne do, sautin farko. Wadda ta ɓatar da do ta ɓatar da hanyar gida." Sai ki ga 'yan mata sun sunkuya suna danna kwali bilhaƙƙi, baki yana do re mi, kowacce da tata muryar. Mai wucewa ta taga sai ya rantse mun taɓu.

Ta sanar da mu cewa mako biyu bayan hutun rabin zango akwai gwaji, kowacce za ta kaɗa wata 'yar waƙar yara da hannun dama. Wadda ta faɗi ba za ta fita koyon aikin koyarwa tare da 'yan ajinta ba, sai baɗi. Ni kuwa har ɗinkin da zan sa ranar farko a gaban ɗalibai na riga na kai wa tela.

Na tafi hutu gidanmu a Kawo da kwalina. Kwana biyu da zuwa na dawo daga aike na tarar da Inna tana fifita gawayi da shi, gefe guda ya ƙone ƙurmus. Na ɗora hannu a ka, ita kuwa ko a jikinta. "Au, karatu ne? Ni na ɗauka kwalin sabulu ne." To, kwalin sabulun ne, me zan ce?

Da na nemi wani kwalin na sake zanawa da magana ta ƙare. Amma son a sani ya kai ni Unguwar Shanu wurin Kawu, ƙanin Inna, kafinta ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Ya juya ƙonannen kwalin, ya auna da tef, ya ce in dawo jibi.

Da na koma, abokansa uku suna zaune a benci. Kawu ya yaye buhu a hankali, sai ga katako sumul yana sheƙi, fari ya sha fenti, baƙaƙen kuma 'yan sanduna ne ya fere ya kafa ɗaya-ɗaya. Bakina har kunne. Sai na duba da kyau, gabana ya faɗi. Tsakanin kowane fari da fari akwai baƙi, tun daga farko har ƙarshe, babu biyu babu uku.

"Na ga wanda ya zana miki ya yi ta tsallake waɗansu," in ji Kawu, yana share hannu a riga. "Ya bar giɓi kamar bakin tsohuwa. Na cike miki su duka."

Abokansa suka ɗauka: "Kai, aiki sai mai shi!" Ina ni ina gyara wa Kawu a gaban mutane, a kan kyautar da ya ɓata kwana biyu yana yi? Na durƙusa na ce, "Na gode, Kawu, Allah ya ƙara girma." Na rungumi katakona na hau motar Kawo.

A gida na samo dabara. Akwai wani kan ƙusa da ya ɗan leƙo a jikin fari guda, na ce to, kai ne do daga yau. Da muka koma makaranta kuwa katakon nan ya zama abin kallo. 'Yan ɗakinmu uku suka yi watsi da kwalayensu suka hau layi. Ɗaya daga ciki, wata Basakkwata mai natsuwa wadda ta fi mu duka ƙoƙari, ta tambaye ni ina giɓin ya tafi. Na ce mata, "Ke giɓi kika zo koya ko kiɗa? Ga ƙusa nan, daga nan za ki fara." Allah ya yafe min wannan bakin.

Mako biyu muna fama. Katako ba ya magana, mu muke yi masa sautin da baki, don haka ko sau ɗaya ba mu taɓa jin mun yi kuskure ba. Har rufe ido nake yi ina girgiza kai, ina jin duk Arewa ba a yi makaɗiya kamata ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Safiyar Juma'a Malama ta buɗe fiyano, ni aka fara kira cikin 'yan ɗakinmu. Na zauna da yanga, na ɗaga babban yatsa zan ɗora a kan ƙusa, babu ƙusa. Haƙora jere reras kamar ba za su ƙare ba. Na san an ce hagun baƙaƙe, amma biyu ne ko uku? Na yi bisimilla na sauka hagun ukun. Abin mamaki waƙar ta fara kamar gaske, sai dai duk lokacin da na zo kan sauti na huɗu sai ya yi wani ƙiii kamar an taka wutsiyar mage. Ga shi na saba rerawa da baki, ni ina gabas fiyano yana yamma. Aji ya fara gunjin dariyar da ake dannewa.

Ta biyu ta fara daga wani wurin, waƙar yara ta koma ta makoki. Ta uku ta gangara can ƙasan hagu, abin ya yi ta ruri kamar tirela a kan tudu. Da aka zo kan Basakkwata sai ta zauna tana shafa fararen ɗaya bayan ɗaya, ba ta danna ko guda ba.

"Me kike nema, 'yata?" in ji Malama.

"Malama, ƙusa nika biɗa."

Aji ya tarwatse. Wata har faɗowa ta yi daga kujera. Malama ta cire tabarau ta ce, "Waƙa ɗaya na ba ku, kun kawo min uku da ƙusa. Ku ɗauko min abin da kuke koyo a kai." Na je ɗaki na sungumo katakon kamar mai ɗauke da kayan sata. Ta kalle shi, ta bi baƙaƙen da yatsa, ta yi dariya har da hawaye. Sannan ta haɗe fuska ta tambaye ni ko na ga kuskuren tun ranar da aka ba ni. Na ce na gani. Ta ce me ya hana ni faɗa? Na ce, "Kawuna ne, Malama."

"Kawunki ne zai maimaita wa waɗannan ukun shekara?"

Na rasa inda zan sa kaina. Ta ba mu zuwa Litinin, ta bar mana makullin fiyanon, ni kuma ta ce gobe in mai da katakon in gaya wa mai shi gaskiya. Ranar nan Basakkwata ba ta ci abincin rana ba, ba ta kuma ce min uffan ba. Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Asabar na isa Unguwar Shanu ina jan ƙafa, na yi ta kewaye-kewaye kafin in faɗa. Kawu ya zaro ido. "Wato giɓin da gangan aka bar shi? Ke 'yar nan, kin bar ni ina cika baki a unguwa wai na gyara wa Bature aiki! Ai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba." Ya ɗauko kurfi yana dariya yana ɓamɓare baƙaƙen da ya ƙara, ni ina nuna masa, biyu sai fili, uku sai fili. Ko minti goma bai ɗauka ba.

Sauran Asabar da Lahadi a gaban fiyanon gaske muka ƙare su, har yatsu suka yi tsami. Litinin na kaɗa tawa da ƙyar da jiɓin goshi, sauran biyun ma suka tsallake. Amma ban yi numfashin kirki ba sai da Basakkwata ta ɗora yatsa hagun baƙaƙe biyu, ta kai waƙar ƙarshe tsaf, Malama ta gyaɗa kai. Na daka tsalle na rungume ta a gaban kowa, ta ture ni tana dariya, ta ce in na sake kawo katako ɗakinmu sai ta hura wuta da shi.

Tun daga ranar na gane shirun da na yi a shagon Kawu ba ladabi ba ne, tsoro ne na sa wa sunan kunya. Magana guda da na haɗiye don kada babba ya ji nauyi na minti ɗaya, ta kusa cin shekarar mutum uku da ba su ji ba ba su gani ba. Yanzu ko wa ya karkace nakan durƙusa in gaishe shi, sannan in faɗa masa.