Hoton Inna da Batirin Yaya Sahabi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Sahabi mai hoto. Tun makon jiya da ranar rasuwar ta zagayo, wayata ba ta huta ba. Daga Yauri, daga Shanga, daga Warra, kowa na turo mini tsofaffin hotunan da ya ɗauka, ana cewa an yi rashin gwani, ba za a sake irinsa ba. Ina amsawa da amin, domin uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Amma tunda kowa ya faɗi nasa, ni ma yau zan faɗi nawa, kuma nawa ba yabo ba ne. Na san za a ce Luba ba ta da kunya, tana tone-tonen mamaci a jarida. A ce. Na yi shiru har na gaji, kuma shirun bai rage mini komai ba.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Sahabi ɗan masunta ne da ya ƙi kama taru. Ƙauyenmu yana bakin ruwa a ƙasar Ngaski, kuma a lokacin ba mu da wuta. Ya sayo babbar baƙar kyamarar nan mai dogon baki, wadda ake kwance gilashinta a sauya wani, ya shiga bin bukukuwa da sunaye a cikin kwalekwale. Ya iya aikinsa, wannan ba zan hana shi ba. Sai dai daga ranar da kyamarar ta shigo gidanmu, wani ɗan baƙin abu da bai fi akwatin ashana ba ya zama mai gida. Batir ke nan.

Guda ɗaya gare shi mai kyau. Ya taɓa sayo na biyu a hannun wani ɗan kasuwa, bai yi nisa ba ya kumbura, tun daga nan ya ce ba shi ba jabu. Cajinsa kuwa sai ya shiga jirgi ya je Warra ko Yauri wurin mai janareto, ya zauna a gabansa yana gadi kada a zare a sa wayar wani. Saboda haka ya kafa wa kansa dokoki. Ba ya kunna fitilar kyamara in dai akwai rana. Ba ya duba hoto a allon baya, sai ya manna ido a 'yar tagar sama ya danna. Ya ce allon nan shi ne ɓarawon caji. Amarya ta roƙe shi ya nuna mata yadda ta fito, sai ya ce ta jira a wanko. Mata suka sa masa suna Marowaci, yana ji yana dariya. In ya dawo gida kuwa, sai ya zare batirin, ya naɗe shi a leda, ya sa a gwangwanin madara, ya ajiye a gindin randar Inna, wai nan ne kaɗai wuri mai sanyi, zafi yana cinye ƙarfinsa. Mu kanmu ba mu isa mu ɗebi ruwa da gaggawa ba.

Duk wannan da abin dariya ne. Abin da ya mai da shi ba na dariya ba shi ne Inna.

Yaya Sahabi ɗan farin Inna ne. Wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan ke nufi: ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta roƙonsa ko allura. "Mai hoto" take ce masa, shi ma sai ta kawar da kai. To wannan matar, wata rana ina da tsohon ciki na zo gida, muna juya kifi a kan banda, ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Luba, ki ce ma Mai hoto shi yi min hoto guda. Abin da kika ɗauke da shi, ban sani ba ko shina iske ni."

Na gaya masa. Ya ce to, gobe da hantsi.

Inna ta kwana da lalle. Da safe ta yi wanka, ta zizara kwalli, ta ɗauro atamfar da take ɓoyo a ƙasan adaka, ta sa aka share bakin ɗakinta. Maƙwabta biyu suka leƙo kallo. Shi kuwa jiya ya dawo daga wani biki a Shanga, gobe yana da suna a Warra. Na ji shi yana gunaguni cewa sandar caji guda ta rage a batirin. Ya fito da kyamara, ya durƙusa, ya manna ido, ya ce, "Inna, ɗaga kai kaɗan. Tsaya hakanan." Ta tsaya, tana ta fama da murmushin kunya. Ya ce, "An gama."

Ba ta ce ya nuna mata ba. Wa ya taɓa ganin allon Sahabi, balle ita? Ta tashi tana gyara ɗankwali, maƙwabta suna yi mata barka.

Ni ce na shiga ɗebo mata ruwa. Gwangwanin yana nan a gindin randa, a rufe. Na ɗaga shi na ji nauyi, na buɗe, ga batir a naɗe a ledarsa. Kyamarar da ya nuna wa uwarmu fanko ce.

Na same shi a bakin ruwa yana wanke ƙafa. Na ce, "Yaya, mi ka yi haka?" Bai ko musa ba. Ya ce, "Ke Luba, aikin mutane na gobe. In ya mutu tsakar suna, mi zan ce musu? Inna tana nan, ba inda za ta. In na cika shi, ni yi mata goma." Na ce zan gaya mata. Ya ce, "Gaya mata, ki ga wa za ya ji ciwo." Nan ya ɗaure ni, domin gaskiya ya faɗa, ita ce za ta ji ciwon.

Ya cika batirin sau nawa bayan nan, Allah kaɗai ya sani. Kullum da dalili. Yau rana ta yi zafi, gobe ana jiransa, jibi ai sai ta sake lalle, kuma in ya ce ta sake zama za ta gane na farkon ƙarya ne. Ita kuwa lokaci-lokaci takan ce mini, "Ba a wanko ba har yanzu?" Sai in ce injin Yauri ne ya lalace. Ta gaya wa ƙawayenta duka cewa ɗanta ya yi mata hoto. Kafin in haihu zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta tashi ba.

Ranar zaman makoki 'yan'uwanta suka tambaye shi hoton, kowa na son a wanko masa. A gabana ya ce katin kyamarar da ke ajiye hotuna ne ya ƙone. Aka yi ta jajanta masa. Ni na tashi na bar wurin. Inna ba ta taɓa yin ko katin zaɓe ba, ta ce ba ta bin layi a rana don wani ya ci. Saboda haka babu fuskarta a kan takarda ko ɗaya a duniyar nan, alhali ɗanta ne mai hoton yankin gaba ɗaya.

Daga baya na tambayi wani mai hoto a Yauri, ba tare da na gaya masa dalili ba, ko danna hoto guda yana cin batir sosai. Ya yi dariya. Ya ce irin waccan kyamarar, in ba a kunna allo da fitila ba, caji ɗaya yana ɗaukar hotuna ɗaruruwa, kuma ko sanda guda ta rage akwai sauran aiki a cikinta. Yaya ya fi shi sanin wannan. Shi ya sa na daina yarda cewa batir ne ya hana. Tsoron ya ji kunya a gaban baƙi ya fi masa nauyi a kan uwar da ba za ta taɓa buɗe baki ta yi masa ƙorafi ba. Wanda zai yi masa tsawa ya yi wa aiki, wadda take jin kunyarsa ya yaudara. Wannan shi ne abin da ban iya haɗiyewa ba.

Ya rayu shekaru bayanta. Muna gaisawa, ina kai masa abinci in ba shi da lafiya, amma ban sake tsayawa gaban kyamararsa ba, shi ma bai nema ba. Sau ɗaya tak, a ciwonsa na ƙarshe, ya kalli randar ya ce, "Na aza da sauran lokaci." Da ya rasu muka ɗauko gwangwanin, aka sa batirin a kyamara don a ga ko tana aiki. Ta kawo wuta, sanduna a cike taf. Ya tafi ya bar cajinsa bai taɓa ba.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ƙauyenmu yanzu akwai sola a kan rufin shaguna, caji ba sai an shiga jirgi ba. Yaran da ke jan taru suna yawo da waya da fawa-banki a aljihu, suna ɗaukar kifi, suna ɗaukar kansu, in jirgi ya kife ma wasu ɗaukar hoto suke fara yi kafin su miƙa hannu. Na ji an ce sababbin kyamarori allonsu a kunne yake koyaushe, suna shan batir fiye da tasa, masu su na tafe da uku ko huɗu a jaka. Na san zai taɓe baki ya ce almubazzaranci ne. Amma da ya rasa abin fakewa. Ina zargin ko da sola goma a gidanmu, da wani uzurin zai samo, domin na ga irinsa a yau: wayarsu cike da hotunan biki da na 'yan siyasa, ka ce su nuna maka tsohuwarsu su hau lalube.

Kwanan baya wasu matasa suka zo daga Yauri, wai suna son tara hotunansa su baje kolinsu don tunawa da shi. Suka zauna suna ba ni labarin yayana, yadda ya adana tarihin mutanen bakin ruwa. Ban ƙaryata su ba. Akwai gidajen da hoton da ya ɗauka shi ne kaɗai abin da ya rage na mahaifin da ruwa ya ci. Akwai wata tsohuwa a Warra da takan tare ni a kasuwa ta yi masa addu'a saboda hoton ɗanta. Tsumulmular batirin nan tasa ce ta sa ya kai ƙauyukan da wani mai hoto bai kai ba. Na yarda da duk wannan, kuma shi ne yake ƙara mini haushi. Na ba su kyamarar su tafi da ita. Suka ce ina batirin, na ce ba na bayarwa ba ne.

'Yar da na haifa bayan rasuwar Inna sunanta ta ci, muna kiranta Ummi. Ta girma yanzu, ta kai shekarun tambaya. Tsofaffi suna ce mata ta ɗauko goshin mai sunanta, wasu su ce a'a, haƙoran ne. Rannan ta dawo daga gidan ƙawarta inda ta ga hoton kakar yarinyar a bango, aikin Yaya Sahabi, da tambarinsa a ƙasa. Ta ce, "Mama, ina namu?"

Na shiga ɗaki na ɗauko gwangwanin madara na ajiye a gabanta. Batirin ya kumbura, ledar ta manne a jikinsa, ko an sa shi a caji ba zai ƙara ɗauka ba. Na ba ta labarin lalle da kwalli da atamfa, ban rage komai ba. Ta juya shi a hannu, ta ce, "To don me ya ajiye shi?" Na karɓa, na mayar da shi cikin gwangwanin, na rufe.

Abin da ya rage na Yaya Sahabi ke nan: fuskokin iyayen mutane a bangon ɗakuna daga Shanga zuwa Warra, da wannan gwangwani a ɗakina. Ina roƙon Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, kuma da gaske nake roƙo. Ni dai har yau ban kai ga yafe wannan hantsin ba. Fuskar Inna a kaina kaɗai ta saura, kuma bana na lura na fara mance ta wane gefe take ɗaura ɗankwali.