Kwale-kwalen da Teku Ta Ƙi Ɗauka

Yayana Telolahy bai taɓa yi wa kowa ƙyashin gona ko saniya ba. Ka tashi gina gidan kwano a gabansa, shi zai fara kama maka katako yana waƙa. Amma a kan ƙahon katantanwar teku da ya gada wurin babanmu, saura kaɗan ya daina gaisawa da ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya.

A ƙauyenmu na bakin teku, kudu da birnin Toamasina, tun ina yarinya ƙahon nan ake busawa in guguwa ta doso. Da Telolahy ya ga igiyar ruwa tana zuwa da tsawo alhali ba iska, sai ya hau dutsen bakin gaɓa ya cika kumatu. Maza su sauko, a kinkimi kwale-kwale ɗaya bayan ɗaya a hau da su tudun kanumfari, mu mata muna cika buhuna da yashi na danne rufi. Al'adarmu kuma, kwale-kwalen mai kira shi ake ɗauka a ƙarshe, don kada a ce saboda kansa ya tara mutane. Wannan abu Telolahy ya ɗauka ya ɗora a ka. Ko shinkafa ake ci sai ya sako zancen cewa nasa ne ke zama a bakin ruwa sai na kowa ya hau.

Wata shekara ma'aikatan gwamnati suka zo da rediyo da lasifika da tutoci masu launi: kore guguwa na nesa, rawaya a shirya, ja kowa ya shige ɗaki, shuɗi ta wuce. Suka ce gari ya zaɓi wanda zai riƙe. Telolahy har sabuwar malafa ya saya saboda taron. Gari kuwa ya zaɓi autanmu Bemiray, don yana da keke da waya, kuma kowa ya san kunnen Telolahy ya fara nauyi, ko da yake ba mai faɗa a gabansa.

Daga ranar yayana ya canza. Kullum sai ya zo inda nake bandar kifi ya zauna yana cika yana batsewa.

"Soazara, kin ji muryarsa a cikin abin nan? Sai ka ce agwagwa ta yi mura."

"Yaya, kishi kake yi."

"Ni? Da yaron da na goya? Ke dai duba kifinki, yana ƙonewa. Wai yanzu guguwa sai ta jira an ɗaga mata tsumma kafin ta zo!"

Amma ni na gan shi da idona a gidan Bemiray. Ya ɗauka ba kowa, ya ciro lasifikar daga ƙusa yana shafawa, har ya kai baki ya ɗan hura. Haushi ya ba ni, tausayi ma ya ba ni, sai na koma da baya.

Da damina ta yi nisa, wata safiya koriyar tuta ta sauka, rawaya ta hau. Bemiray ya zaga gari a keke yana shela cewa rediyo ta ce guguwar ta juyo kanmu, kowa ya sauka gaɓa. Maza suka taru. Autan namu, da yake mai ladabi ne, ya ce, "A fara da na Yaya, shi ne babba."

Da ma marinsa ya yi da ya fi sauƙi. Telolahy ya haye cikin kwale-kwalensa ya zauna daram, ƙahon nan a rungume.

"Nawa a farko? Na mutu ne? Duk wanda ya taɓa shi sai na fasa masa kai!"

"Yaya, ai ni na yi kiran, nawa ne ƙarshe."

"Kai ka yi ihu dai. Kira na wurin masu kira."

Aka rabu da shi, aka shiga kwasar na sauran. Kafin rana ta yi tsaka sama ta rufe, ruwa ya tsuge, igiyar ruwa ta fara lasar inda ba ta saba kaiwa ba. Saura kwale-kwale biyu a kan yashi, na wa da na ƙani. Maza sun gaji liƙis. Bemiray ya durƙusa a gaban Telolahy ya ce, "Don darajar babanmu, Yaya, ka sauko." Ko kallonsa bai yi ba.

Sai Lemainty, tsohon masunci abokin babanmu, ya ce, "Kai, ku ɗauke shi har da kayansa!" Suka ciccibi kwale-kwalen da mutumin a ciki. Haka aka hau da shi tudu, yana zagi yana zabga musu sabuwar malafar a ka, mu mata muna riƙe ciki don dariya.

Suna juyowa za su koma, Bemiray ya tare hanya. Rediyo ta ce a ɗaga ja, kada kowa ya ƙara kusantar ruwa. Ya riga ya ɗaure nasa a gindin kwakwa, ya ce a bar shi haka.

Guguwar ta yi abin da ta saba, ta kwashe rufi ta kwantar da ayaba, amma ba a rasa rai ba. Da shuɗiyar tuta ta hau muka sauka gaɓa. Kwakwar na nan tsaye, da guntuwar igiya a gindinta.

Gari ya ɗauki Bemiray ya ɗora a ka. An ambace shi a coci, mata suna ta aika masa rogo da gahawa, maza suka shiga daji suka sare itace don a sassaƙa masa sabo. Telolahy ma ya zo da gizagonsa, ya yi aiki kamar kowa.

Ranar da aka tura sabon cikin ruwa ana kiɗa ana guɗa, ban ga yayana ba. Na same shi a tudu, tsaye kan kwale-kwalensa da ko ƙwarzane bai yi ba. Na buɗe baki zan tsokane shi, sai na ga idonsa ya cika da ƙwalla.

"Soazara," ya ce, "tun ina saurayi nake bar wa tekun nan nawa a bakin ruwa, ko kallonsa ba ta taɓa yi ba. Shi kuwa zuwan farko ta karɓa."