Mazon da Muka Kira da Ƙaho

Mun tashi da asuba daga Lalala, unguwarmu a Libreville, ko masu burodi ba su buɗe ba, ni da maƙwabcina, wani ɗan Maraɗi mai sayar da takalma. Dalilin tafiyar kuwa Baba ne. Tun da ciwo ya kwantar da shi ya daina cin abinci. A kai shayi ya kau da kai, a kai kunu ya ce a ajiye, kullum sai ƙara ramewa yake. Ran nan sai ya ce romon mazo yake marmari, irin wanda suke sha lokacin yana farauta a ƙasar Katsina, tun kafin ya zo Gabon. Naman daji kam ga shi nan jibge a kasuwannin Libreville, amma wa ya yanka? Baba ko yunwa za ta kashe shi ba zai sa mushe a baki ba. Wata mata da ke sayen atamfa a shagona ce ta ce yayanta maharbi ne a wani ƙauye gaba da garin Kango, in tafi da wuƙata in yanka da hannuna.

Tasi ta sauke mu a bakin gari, muka shiga ƙaramar bas aka cusa mu kamar kifin gwangwani. Daga garin Ntoum daji ya fara rufe hanya dama da hagu, kore shar, ga manyan motocin gungume suna wuce mu, kowane gungume ya fi ɗakina faɗi. Ni haihuwar Lalala ne, amma wallahi kunya ta kama ni, ashe ban san ƙasar da aka haife ni ba. A Kango muka sayi rogo naɗe a ganye da gasasshen atanga, wannan ɗan itacen mai maiƙo. Kuɗin da ke ba ka uku a Libreville, nan cika leda aka yi mana. Maƙwabcina ya ci har ya fara lissafin barin takalma ya koma fataucin atanga.

Da muka isa ƙauyen muka tarar maharbin dattijo ne, gajere, ba ya son yawan magana. Da na gaya masa halin da Baba ke ciki da Faransanci, sai ya gyaɗa kai kawai, ya ɗauko bindiga da wani tsohon ƙahon mazo da ya yi santsi don riƙo. Ban ga kare ba, ban ga tarko ba. Na ce a raina, yau za mu ga ikon Allah.

Ga wanda bai san mazo ba, dabba ce kamar barewa, ja mai ratsin fari, namijin yana da ƙaho murɗaɗɗe da kishin tsiya. Kowane namiji da yankinsa, kuma yakan karce bishiya da ƙaho don a san da mai wuri. To wannan kishin dattijo yake amfani da shi. A bakin wata fadama ya zaɓi ƙaramar bishiya, ya shiga goga mata ƙahon sama da ƙasa, ƙarr, ƙarr, ɓawo yana zuba. Ya fyaɗi ganye, ya karya busasshen reshe, ya daki ƙasa da diddige kamar kofato. Sai ya tsaya cak. Shirun nan ma cikin kiran yake, don a lokacin mai wuri ke kasa kunne ya ji wane mara kunya ne ya shigo masa gida. Ban taɓa ganin mutum ya zama dabba a gabana ba sai ranar. Har kafaɗunsa sun canza.

Can muka ji motsi. Na damƙe wuƙa. Amma mazon bai fito ba, sai ya zagaya ta inda iska ke kai masa ƙamshinmu, ya yi haushi ɗaya kamar kare, ya arce.

Dattijo ya matso ya shinshina rigata, ya dube ni.

“Ɗana, biki ka zo?”

Turare ne! Ni ban iya fita daga gida ban shafa ba, haka na taso na ga Baba yana yi, ko tunani ban yi ba. Maƙwabcina ya riƙe ciki yana dariya ba sauti, shi da ya fi ni bulbulawa. Ni kam dariya ba ta zo mini ba, fuskar Baba kawai nake gani. Dattijo bai yi faɗa ba. Ya sa muka tuɓe riguna, ya shafe mu da taɓon fadama da wani ganye mai wari, har maƙwabcina ya ce ko matarsa ba za ta gane shi ba.

Da la'asar muka koma wata fadamar, iska tana bugun fuskarmu. Wannan karon ya miƙo mini ƙahon. Ni zan tsaya baya ina karce bishiya, shi ya laɓe a gaba, don idon mazo ya tafi wurin ƙara ya manta da gefensa. Na fara a tsorace, ya yi mini alama da hannu in ƙara ƙarfi, in yi kamar mai neman faɗa. Na tuna kwanon kunun da ke komawa kicin ba a taɓa ba, na karci bishiyar nan da duk ƙarfina. Na tsaya. Na sake.

Sai ga shi, wuya a kumbure, kai a sunkuye, yana takowa cikin isa. Subhanallahi, kyakkyawa ne! Bindiga ta tashi. Na yar da ƙaho na ruga, ƙaya tana yagar ƙafata, don in ya cika kafin in isa, duk wahalar ta tashi a banza. Na same shi da sauran rai, na yi bisimilla na yanka. Muka ɗauko shi muka fito titi. Dattijo ya ɗauki rabonsa, ya naɗe mana namu a ganyen ayaba, ya ce in gai da tsohon maharbi.

Washegari da hantsi muka iso Lalala, Inna ta ɗora tukunya. Da aka kai wa Baba romon ya daɗe yana kallon kwanon.

“Wa ya yanka?”

“Ni ne, Baba.”

Ya karɓi cokali da kansa. Ya sha, ya sake sha, ya ce a tsamo masa tsoka. Inna ta fita tsakar gida don kada ya ga hawayenta.

Tafiyar nan ta koya mini cewa kowane daji da malamansa, kuma na Gabon sun iya aikinsu, Allah ya ƙara wa dattijon nan lafiya. Da Baba ya ajiye kwano sai ya ce in nuna masa yadda aka kira mazon. Na ɗauki sandarsa na goga a ƙafar gado. Ya girgiza kai, ya ce mazo ba ya gaggawa haka, in miƙo masa sandar. Ya karɓa ya karce a hankali, ya tsaya, ya kasa kunne kamar yana daji. Sannan ya tambayi Inna ko da sauran romo.