Sodangi Mai Noman Ɗayi

A duk garin Turba mutum ɗaya ne na sani da ke barin ɗayi a gonarsa da gangan, shi ne Malam Sodangi. Ɗayi kuwa ƙaya ce mai fure, wadda manomi ke tsinewa, raƙumi ke lashe baki in ya gan ta. Kowa na nome ta tun tana ƙarama. Sodangi sai ya ware mata kusurwar gabas, har taki yake zuba mata.

Dalilinsa raƙuminsa ne, Ɗan Auta, wanda ya yi shekara goma sha huɗu yana kai masa gero Nijar, yana dawo masa da kanwa. Matarsa Tasalla takan ce, "Malam, da ni kaka kula kamar dabbag ga, da na yi ƙiba." Shi kuma ya amsa, "Ke ma ci ɗayi ki gani."

Damina uku da suka wuce 'yan bindiga suka shigo da hantsi, suka kore dabbobin unguwar, har da Ɗan Auta. Sodangi bai yi kuka ba. Ya ce raƙumi ba ya mance inda ya ci ɗayi mai daɗi, duk ran da ya sami sarari zai tsinke igiya ya biyo hanya. Saboda haka ƙayar nan ba mai taɓa ta.

Da babu bakin da ke cinta, sai ta bazu. Ta ci kunya biyar, ta ci goma, ta tsallaka gonar maƙwabci. Geron gidan ya ragu, ɗansa Kamalu ya roƙe shi ya bari a nome.

"Baba, hatsi muka ci, ba ƙaya ba."

"In ya zo ya iske fili ƙwal, mi za ni ce mishi?"

Bana, ranar kasuwar garin Isa, wani ɗan kasuwa mai suna Abdulgani ya ja Sodangi gefe. Ya ce tun bara ya ga raƙumi mai tsagar kunnen hagu da shaidar gidan Sodangi a hannun mahauta, can tsallaken iyaka. Ya rasa yadda zai faɗa ne. Sodangi ya tambaye shi abu ɗaya kawai: ko raƙumin ya rame? Abdulgani ya ce a'a, da ƙibarsa. Allah ne ya san gaskiyar wannan amsa.

Washegari Sodangi ya ɗauki hauya. Kamalu ya biyo shi da tasa, uban ya ce masa ya koma gida. Kwana huɗu ya yi yana nome ƙayar shi kaɗai, yana tarawa, ya cinna mata wuta. Da yamma Tasalla kan zauna da allura tana cire masa ƙaya daga tafin hannu, ba ta tsokane shi ko sau ɗaya ba.