Kwano Goma Sha Huɗu da Suka Ƙi Kai Mu Laraba

Shekarun baya, wata ranar Talata da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, na shigo gida daga sallar la'asar na tarar da mutum biyu a tsakar gida. Mahaifiyata tana zaune a kan tabarma tana tsinke zogale, maiɗakina kuma tana tankaɗe a bakin madafi. Yara duk suna islamiyya. Na san lokacin daidai domin sai da na duba agogo kafin in buɗe baki. Haka Allah ya yi ni.

A shekarar damina ta yi mana gardama, rumbu ya ƙare tun ba a shiga bazara ba, ga tsada ta kama komai. Manomin da bai taɓa sanin kuɗin kwanon dawa ba, sai ga shi a layin awo. Mu tara ne a gidan. Ni tela ne, ina da rumfa a bakin hanya. Abin da ɗinki ya kawo a mako shi ne kuɗin cefane, kuma tilas ya kai mu daga Laraba zuwa Laraba, ranar da kasuwar ƙauyenmu take ci. Kwano biyu na dawa muke ci a rana, goma sha huɗu ke nan a mako. In ya ƙare kafin Laraba, babu wani wurin da za a duba.

Mahaifiyata ce take yin awon, kuma wajen wata tsohuwar ma'auniya guda ɗaya take yi. Abin nan ya daɗe yana ci min rai.

Na gyara murya na ce, "Inna, daga mako mai zuwa ni zan karɓi cefane."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Laifi na yi?"

"Ba ki yi laifi ba. Amma shekara ashirin wajen mutum ɗaya kike awo. Ba ki taɓa matsawa gaba kin tambayi ta kusa da ita ba. Zamanin nan sai an zaga an gwada farashi."

Ta ce, "To, ai kai ne ɗan boko. Allah ya ba da sa'a."

Bokon nawa aji shida na firamare ne. Maiɗakina ta sunkuyar da kai a kan rariya, kafaɗunta suna rawa. Na yi kamar ban gani ba.

Na ware mako guda na bincike, na kasa shi uku. Da farko, ranar Laraba na bi layin masu hatsi na kasuwarmu daga wannan baki zuwa wancan, ina tambaya ba na saye, har wani ya ce ko hukuma ce ta aiko ni. Na biyu, ranar Asabar na hau keke zuwa wata kasuwa da take gabas da mu, wadda take ci Asabar da Laraba. A can na ji abin da ya faranta min rai: kwanon dawa ya fi namu sauƙi da naira hamsin. Na sa mai hatsin ya maimaita, ya maimaita.

Na uku shi ne birni. Ina da wani aboki magini da yake shiga Kano aiki kullum, shi ya cika min kunne da labarin wani babban kanti. Ya ce, "Mutumina, can babu ja-in-ja. An rubuta kuɗi a jikin komai. Ka ɗauka, ka biya, ka fita." Ranar Litinin da sassafe muka hau mota a Gezawa.

Na yi sallama a bakin kantin, mai gadi ne kaɗai ya amsa, shi ma da ka. Da na shiga kuwa sai na tsaya. Sabulu yana tare da sabulu, gishiri yana tare da gishiri, kowane da takardar kuɗinsa a ƙasa, babu wanda ya shiga layin wani. Na ce a raina, wanda ya shirya wurin nan an yi masa tarbiyya. Sai dai hatsinsu a leda yake, an rubuta kilo. Na kira wata yarinya mai aiki a wurin na ce, "'Yan mata, wannan kilon naku kwano nawa ne?"

Ta ce, "Wallahi Baba ban sani ba."

Na bar hatsi. Sabulu da gishiri kam sun fi na ƙauye sauƙi, na ɗauka. A wajen biya na ce da mai karɓar kuɗi, "Babu ragi?"

"Babu, Baba."

"To gyara fa?"

Abokina ya ja min hannun riga yana cewa, "Don girman Allah ka taho, ka tara mana jama'a." Sai a mota, da kwandasta ya miƙo hannu, na lura cewa kuɗin zuwa da dawowa ya haɗiye sauƙin sabulun har ya nemi ƙari. Ban gaya wa kowa ba.

Bincike ya kammala, hukunci ya fito: hatsi a kasuwar gabas. Ranar Laraba na ɗaura buhu a bayan keke, na bi ta bayan kasuwarmu don kada ma'auniyar Inna ta gan ni. Mai hatsin can saurayi ne mai saurin hannu. Yana aunawa yana juyewa, ni kuma ina ƙirgawa da ƙarfi, idona a kan yatsuna don kada in ɓata lissafi. Dawa goma sha huɗu. Na ƙara wake kwano uku. Rarar da ta saura na tsaya wajen mahauci na sayi ƙashi da ita, domin a san an yi canjin gwamnati a gidan.

Na sauke buhu a tsakar gida. Mahaifiyata ta taso ta kama wuyansa ta ɗaga, ta ajiye.

Ta ce, "Sha huɗu?"

Na ce, "Sha huɗu cif, Inna. Da bakina na ƙirga."

Ta ce, "Madalla." Ta koma ta zauna. A ranar an sha miyar kuka da ƙashi, yara suna yi min sannu, ni kuma ina amsawa da ka kamar mai gadin kanti.

Alhamis lafiya. Juma'a lafiya. Asabar da Lahadi na riƙa ba maƙwabta shawara a bakin rumfa, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba.

Ranar Litinin bayan azahar na shigo cin abinci, maiɗakina ta tare ni. Ta ce, "Maigida, dawa fa ta ƙare. Wadda aka kai niƙa yau ita ce ta ƙarshe, ta tuwon dare."

Na ajiye cokali. Saura Talata sukutum da safiyar Laraba, bakuna tara, aljihu kuma babu komai sai tsinken allura. Nan take na kafa zaman bincike.

"Na farko, an yi baƙi?"

"Ba a yi ba."

"Na biyu, akuya ta shiga ɗakin hatsi?"

"Ƙofar a rufe take, makullin yana wajenka."

"Na uku, kin ƙara hannu wajen ɗiba?"

Nan ranta ya ɓaci. Ta ce, "Kwanon da nake ɗiba da shi tun ranar da aka kawo ni gidan nan, shi ne dai. Biyu a rana. In kana so ka zo ka riƙa tsayawa a kaina."

Mahaifiyata tana jin mu daga inuwa. Ta ce, "Ke, rabu da shi. Waken nan an taɓa shi?"

"Ba a taɓa ba, Inna."

"Ɗauko shi, ki haɗo da kwanonmu."

Aka shimfiɗa tabarma. Inna ta cika kwano ta juye, ta ce ɗaya. Ta sake cikawa, ta ce biyu. Abin da ya rage ta zazzage shi a ciki, ko kwata bai kai ba. Ta miƙo min kwanon ta ce, "Ga na ukun naka."

Na leƙa. Na sake leƙa ledar waken ko wani ya maƙale.

Ta ce, "Tunda ka fi gane magana in an jera ta, bari in jera maka. Na farko, kwanon waccan kasuwar bai kai namu ba, ko jaririn goye ya sani. Na biyu, da yana auna maka, ya bar hatsin ya yi tozo a sama ko shafewa ya yi?"

Ban gani ba, lokacin ina kallon yatsuna.

"Na uku, ya tare gefen kwanon da hannu? Na huɗu, da ya gama, ya yi maka gyara? Ƙawata in ta auna min sha huɗu, in na zo gida sha biyar nake samu. Kai da ba ka sa almakashi a yadi sai ka auna mutum tun daga wuya har idon sawu, ka je ka sayo abincin mutum tara ba ka kalli abin awon ba!"

Maiɗakina ta shige madafi. Daga can nake jin dariyarta tana haɗawa da tari na ƙarya.

Waken nan shi ya riƙe mu. Talata da safe dafaffen wake da mai da yaji, yara suka ce ai gara dawa ta riƙa ƙarewa. Da rana faten wake da zogale, murna ta ragu. Da yamma aka sake dawo da shi, ƙaramarsu ta kalli kwanon ta ce, "Baba, shi ne dai?" Na ce a ci a gode wa Allah. Laraba da safe aka ɗumama sauran. Babu wanda ya kwana da yunwa, amma da ƙyar muka isa, kuma kowa a gidan ya san wanda ya jawo.

Da hantsi na tattara kuɗin ɗinki na kai wa mahaifiyata. Ta ƙi karɓa. Ta ce, "Kai ka karɓi cefane a gaban shaida. Je ka." Sai ta miƙo min kwanon gida. Na saka shi a hammata na fita.

Tsohuwar tana zaune a wurinta, tsakanin tulin dawa da na gero. Na durƙusa na gaishe ta. Ta tambayi Inna, ta tambayi maiɗakina, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Ɗan nan, an ce an gan ka makon jiya ta bayan kasuwa, ka sunkuyar da kai kana tuƙa keke kamar an biyo ka. Na ce a'a, ba ɗan ƙawata ba ne."

Na ce, "Ni ne, Iya."

"To yaya ka baro mutanen gabas?"

Matan da suke kusa suka kwashe da dariya. Na ce suna lafiya.

Ta fara awo, wannan karon idona a kan kwano. Ta cika shi ya yi tozo, ta tare gefe da tafin hannu ta ƙara, sannan ta juye. Da ta kai sha huɗu ta ɗebo da hannu biyu har sau uku ta watsa a buhu, ta ce na jikokinta ne. Na fito da kwanon gida na ce zan gwada ɗaya. Ta ce, "Gwada duka ma." Awonta ɗaya ya cika nawa har ya zuba.

Kada wani ya ɗauka na daina gwada farashi. Ban daina ba, gyara hanyar na yi. Ranar Asabar na koma gabas da kwanona, na tsaya a gaban saurayin nan da niyyar yi masa faɗa. Ya saurare ni tsaf, ya ce, "Malam, kowace kasuwa da kwanonta. Kuɗi ka tambaye ni, ba ka tambaye ni kwano ba." A wannan zuwan ne na gano albasa da busasshen barkono sun fi araha a can, kuma su idona yana ganin girman kashinsu.

Daga nan tsari ya zauna. Hatsi wajen tsohuwa. Albasa da barkono a gabas, sau ɗaya a wata. Sabulu da gishiri abokina yake taho min da su daga kantin birni, tunda shi dole ne ya hau motar. A makon dawa ta kai mu Laraba, har aka sami ta kunu. Haka muka bi muka fita daga shekarun nan, ba mu sake yin kwanan wake ba.

Yau in na tuna, dariya nake yi, amma ba ta da yawa. Na zaci wanda ya zauna wuri ɗaya bai yi bincike ba, ashe mahaifiyata ta gama nata binciken tun ina goye, ba ta dai yi shela ba ne. Ni na zaga kasuwa biyu da kanti ɗaya na dawo da rabin sani, yarana suka biya da cikinsu.

Saboda haka ga roƙona gare ka, kai da ka karanta har nan. Ranar kasuwa mai zuwa, kafin ka fita neman inda ya fi araha, ka fara zama ka tambayi wadda take girka abincin a gidanku me ta sani. Bayan haka ka ɗauki kwanon gidanku ka tafi da shi. In an fara yi maka awo, ka bar ƙirga a baki, ka sa idonka a kan kwano.