Tayin da Aka Yi Mini Sau Ɗaya

Bayan ruwan madatsar Tiga ya ci garuruwa an mai da mutane sababbin matsugunai, sai tsargiya ta yi musu rubdugu. Ina aikin jinya a wajen Bebeji a lokacin. Wani likita ya zo daga Kano da abokan aikinsa maza biyu, za su yi bincike a kan cutar. Da sun isa gida sai su yi cirko-cirko a zaure, don ba mai barin ƙato ya shiga ya tambayi matarsa yadda fitsarinta yake. Ni ake turawa ciki.

Na sha rana, wallahi. Daga ƙauyukan Bebeji har Dangora da Ɗansoshiya, ina bayan mota rungume da kwalaben fitsarin mutane. Sai na gaida tsohuwa, na yi wa jariri wasa, na sha fura, kafin a yarda a karɓi kwalba. Ni na lura masu kai wanki bakin ruwa sun fi masu ɗiban rijiya kamuwa, kuma a kan wannan aka gina rabin rubutun binciken. Burina a ga sunana a jikinsa, don an ce da irinsa ake samun tafiya ƙarin karatu.

Da za a aika wa mujallar likitoci, sai likitan ya tare ni a barandar asibiti, a gaban mutane, ya ce, "Sista, ko a sa sunanki?"

To, wace 'yar mutunci ce za ta cafke tayin farko? Yadda aka tashe mu, ko tuwo aka yi maka tayi kana jin yunwa, alhamdu lillahi za ka ce, sai mai gida ya sake, ya matsa, sannan ka sa hannu. Na sunkuyar da kai na ce a'a, ba komai, ranka ya daɗe. Ina jira ya sake. Ya ce madalla, ya yi tafiyarsa.

Da baƙo ne da na yi masa uzuri. Bakano ne fa, ya san abin sarai. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Takarda ta fito da sunaye uku, aka gode wa "ma'aikatan jinya" a can ƙasa. Karatun bai samu ba. Daga baya na tambayi ɗaya daga cikin mazan, wanda bai taɓa wuce zaure ba, shi me ya ce da aka yi masa tayin. Ya dube ni galala.

"Wane tayi? Ai mu ba a tambaye mu ba, sawa kawai aka yi."